Hannun da Na Zana wa Inna

Lahadi, saura mako tara

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa daga ɗiyar yayarki, wadda kika ce a waya ba ta da kalma sai "to" da "na'am". Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na sansanin masu gyaran hanya. Mu nan lafiya lau. Tarin Baba ya yi sauƙi tun da ya yarda yana ɗaure hanci in zai yanka katako. Kaka kuwa ƙafar ce dai, amma bakin lafiyarsa ƙalau, ba ya hutawa.

Kin ce in rubuto miki duk ranar da wata damuwa ta same ni, tunda can babu sabis sai an hau dutse, ni kuma birona ya fi harshena ƙarfin hali. To ga ta. Direban motar da ke kai muku kayan abinci ya ce zai riƙa karɓar takarda a shagon Baba ranar Litinin, ya dawo da amsa ranar Alhamis.

Jarrabawar shiga kwalejin malamai saura mako tara, kuma bana ba a takarda za a yi ba, a kwamfuta ne. Tambaya sittin, kowace da amsa huɗu. Sai ki kai 'yar kibiyar nan kan amsar da kika zaɓa, ki danna, ɗigon da ke gefenta ya yi baƙi. Shi ke nan fa. Karatun ba ya ba ni tsoro, Inna, na san shi kamar yunwar cikina. Linzamin kwamfutar ne ya ƙi ni. Malama tana ce masa maus, 'yan ajinmu suna ce masa ɓera, ni dai na fi son linzami, don a littattafan da nake karantawa duk wadda ta riƙe linzami ita ke da hanya.

Mu arba'in ne, kwamfuta takwas, ranar Laraba kawai, kowa minti goma. Ni nakan shiga a rukunin ƙarshe, in zauna a ta jikin bango inda ba mai ganina. Kibiyar tana bina duk inda na kai ta. Amma da na danna, maimakon ɗigon ya yi baƙi, sai wani ɗan akwati fari ya faɗo da jerin rubutu a ciki, ya rufe amsoshin. In sake dannawa, ya tashi ya koma wani wuri. Haka muke wasan ɓuya har Malama ta ce lokaci ya yi.

Za ki ce in tambaya. Makon farko wata ta taɓa abin da ba a sa ta ba, allon ya yi baƙi, Malama ta hana ta shiga ɗakin har yau. Tun ranar ko numfashi a hankali nake yi kusa da na'urar.

Baba ya ce in ban samu ba babu faɗa, sai in zauna shekara guda ina ɗinka masa rigunan kujeru har wata jarrabawar ta zagayo. Da murmushi ya faɗa. An ce ɗakin karatu na kwalejin hawa biyu ne, da tagogi dogaye, kuma ana barin mutum ya ari littafi uku lokaci ɗaya. Na riga na zaɓi tagar da zan riƙa zama. Ba zan ba wa ɓera ita ba.

Ke da kike wuni da kwamfuta a ofis, ki koya mini, don Allah.

Ɗiyarki, wadda Kaka ke kira Gimbiyar Shiru

*

Laraba

Ɗiyata,

Takardarki ta same ni lafiya, sai ƙura da ƙarar manyan motoci, waɗanda sun zama 'yan gida. Ki gaishe da Babanki, ki ce wa Kaka in ƙafar ta gaji ta ari bakin ta taka.

Na yi dariya har mai dafa mana abinci ya leƙo ofis. Ashe kina da magana haka? Shekara goma sha huɗu rabona da ke ido da ido, kina goye a bayan Yaya, sai ga ki kina zaɓen taga.

To saurara. Ni ba wanda ya koya mini da littafi. Tsohon akawun da na gada ne ya kama hannuna ya ɗora, ya ce hannu ya fi kai sanin hanya. Haka zan ce miki. Kada ki cika kanki da lissafi. Ki ɗora tafinki a kan linzamin kamar kin rufe ɗan tsako, ba matsewa ba, ba saki ba. Gabansa a rabe yake gida biyu. Inda manuniyarki ta sauka da kanta, nan ne maɓallin aiki. Da shi ake zaɓa, da shi ake buɗewa, da shi ake riƙe abu a ja shi. Ɗayan kuwa, wanda ke ƙarƙashin yatsan tsakiya, ki rabu da shi, ba abokin tafiyarki ba ne yanzu. Shi ne mai kiran akwatin nan naki. Ina zaton hannunki na rawa ne, yatsan tsakiya ya riga manuniya sauka ba ki sani ba.

Dannawa ɗaya, gajere, kamar kin taɓa ruwan wanka ki ji ko ya yi zafi. Kada ki danne ki zauna a kai. Kuma kada linzamin ya motsa lokacin da kike dannawa.

Ki samu wani abu mai girmansa ki riƙa gwadawa a gida, har yatsan ya haddace. Sannu ba ta hana zuwa.

Innarki

*

Lahadi, saura mako bakwai

Innata,

Ina gaisuwa, da fatan ƙurar ba ta taɓa miki ƙirji ba. Mu lafiya. Kaka ta ce a gaya miki bakinta ba na aro ba ne.

Na yi abin da kika ce. Da fari sabulu na samu, na ja masa layi a tsakiya da allura. Kwana biyu ina dannawa, a na uku Kaka ta wanke zannuwanta da kwamfutata. Da na yi magana ta ce, "Yo ni na san ɓeranki kumfa yake yi? Ki gode Allah ban yi wanka da shi ba."

Baba ya ji mu daga shago. Da yamma sai ga shi da linzami na katako, ya sassaƙa daga guntun ƙafar kujera, ya goge shi sumul, har tsagar tsakiyar ya yi masa. Ya ajiye mini a kan littafi ya ce, "Wannan ba ya narkewa." Sau ɗari nake dannawa da safe, sau ɗari bayan la'asar. Har na ɗaure yatsan tsakiya da na kusa da shi da zare, don kada ya yi mini shisshigi.

Ranar Laraba aka yi mana gwaji, tambaya ashirin. Na shiga da zuciyata cike. Na ɗaga yatsan tsakiya sama kamar mai shan shayi a gidan masu kuɗi, na sa manuniya kaɗai, dannawa ɗaya, gajere. Akwatin ya faɗo. Inna, sau ashirin. Na leƙa hannun ta kusa da ni, da manuniya take dannawa, sak irin tawa, ɗigonta yana baƙi abinsa.

An manna sakamako a ƙofar aji. Sunana ne na ƙarshe, da sifili. Malama ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke kuma mafarkin ne har a gaban na'ura?" Aji ya yi dariya. Na so ƙasa ta tsage. Wallahi tambayoyin nan ashirin, sha tara na san su, har yanzu zan iya jero miki.

Ban yi kuka a makaranta ba, na riƙe shi har gida. Amma ban fasa ba. Ki sake duba mini, akwai abin da ya ɓace a tsakaninmu.

Ɗiyarki

*

Laraba

Ɗiyata,

Lafiya lau nake, na gode. A gaida mutan gida, a ce wa Babanki hannunsa ya yi albarka.

Abin nan ya ɗaure mini kai. Na zauna da nawa linzamin na danna ta kowace fuska, manuniya ba ta taɓa kiran akwatin ba. Ko dai na jikin bangon nan ya lalace, ko kuma abin da kike kira manuniya ba shi nake nufi ba. Gani ya kori ji. Ki shimfiɗa hannunki a kan farar takarda, ki zagaye shi da biro, ki shafe farcen yatsan da kike dannawa da shi. Ki aiko. Ranar Laraba kuma ki sauya kwamfuta.

A gaggauce nake, injiniya na jiran takardu.

Innarki

*

Lahadi, saura mako biyar

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da makon da ya wuce, motar ce ba ta zo ba, an ce tayarta ta fashe. Kowa lafiya, sai Kaka da ta ce tun da na fara danna katako gidan ya koma gidan makoki, ba mai yi mata hira.

Ga hannun nan a cikin ambulan. Na shafe farcen kamar yadda kika ce. Na sauya kwamfuta, na koma ta bayan ƙofa. Akwatin ya biyo ni can.

Kin san abin da ya tuna mini? A wani littafi da nake karantawa, akwai wadda kullum take zuwa tasha tana jiran mutum ɗaya, kullum kuma wani daban ne ke saukowa daga mota, ya cire hula ya gaishe ta da ladabi. Haka akwatin nan yake mini. Ba shi na kira ba, amma ba ya fashi. Wani lokaci nakan ce ko shi ma yana da abin da yake son faɗa mini ne, ni ce ban iya karatunsa ba. Na kai babi na sha biyu, har yanzu wanda take jira bai zo ba, amma jikina yana ba ni zai zo.

Ɗiyarki

*

Laraba

Ɗiyata,

Ina lafiya. Ina fata ku ma haka.

Na ga zanen. Yatsan daidai ne. Hannun daidai ne. Na'ura biyu ba za su lalace iri ɗaya ba. To saura me?

Zan faɗa miki gaskiya don ba ni da wata ɗiyar da zan ɓoye wa. Saura mako biyar, ke kina babi na sha biyu. Na tambaye ki yatsa, kin ba ni tasha da mai hula. Ina jin Malamarku ba ta yi ƙarya ba, jikinki ne a gaban na'ura, hankalinki yana wani gari. In kuma mai hular nan ba a littafi kaɗai yake ba, gara ki faɗa mini tun yanzu.

Ki tattara littattafan nan ki ba Kaka ta kulle. Ki buɗe baki ki tambayi Malama, matambayi ba ya ɓata. Yaya, Allah ya ji ƙanta, sau ɗaya ake nuna mata abu.

Innarki

*

Lahadi, saura mako biyu

Inna,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya.

Littattafan suna akwatin Kaka tun ranar da takardarki ta zo. Babu wani mai hula. Laraba biyu babu wuta, ta uku akwatin ya fito. Na je gaban teburin Malama don in tambaya, na tsaya, ta ɗago kai ta ce "Mene ne?", sai na ji bakina ya ce ina neman izinin fita. An kwashe kwamfutocin an kai zauren jarrabawa, gwaji ya ƙare.

Na san ni ba kamar Mama ba ce. Shekarata uku ta rasu, ban samu na koya ba. Amma zan shiga jarrabawar, ko da sifilin zan sake ɗaukowa.

Ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba.

Ɗiyar yayarki

*

Asabar, a ba ta hannu da hannu

Ɗiyata, ɗiyar Yayata,

Lafiyata ƙalau in ban da kunya. Ki karanta wannan kafin ki ajiye jakarki.

Mako uku ina tarar direba a bakin ƙofa, yana girgiza mini kai. Da takardarki ta zo kuma, gara shirun. Na ɗauko biro sau uku ban san ta inda zan fara ba, har motar Alhamis ta tafi ba amsa. Ba abin da na nufa ke nan da maganar Yaya ba, amma na sake karanta abin da na rubuta a raina, na ga ba yadda za a karanta shi sai yadda kika karanta.

Zanen hannunki yana manne a bangon ofis, gefen kalanda. Jiya da rana aiki ya yi sauƙi, na ciro shi na ɗora hannuna a kai, don kawai in ga ko kin kamo ni tsawo. Ya hau daidai, dama a kan dama. Sai na ce bari in zana nawa in aiko miki, ko zai zama ban haƙuri. Na ɗauki biro. Ɗiyata, sai na ga hagu na shimfiɗa a takardar. Dole, tunda biron yana dama. Wanda ya zana hannunsa na dama, da wane hannu ya riƙe biron?

Na zazzage takardunki duka a kan tebur. Kowace tawadar ta shafu, daga hagu ta ja zuwa dama, inda gefen hannu ya bi ta kan rubutu ɗanye. Mako bakwai abin yana gabana.

Ke bahaguwa ce. Kina jawo linzamin ki riƙe da hagu, ko ba haka ba? To a hannun hagu manuniya a kan maɓallin DAMA take sauka. Ni na ce miki nan ne na aiki. Ni na ce ki rabu da ɗayan. Har zare kika ɗaura wa yatsan da ke kan gaskiya. Ba mafarki kike yi ba, biyayya kike yi, malamar ce ta kai ki daji.

Ga shi a fili, yadda ya kamata in faɗa tun farko. Maɓallin HAGU ne na aiki, wanda ke ɓangaren hagu in linzamin yana gabanki, igiyarsa tana kallon allo. Ba ruwansa da sunan yatsa. Ki danna shi da na tsakiya, ko ki karkata hannu manuniya ta hau shi, duk wanda ya fi miki. In akwatin ya fito bisa kuskure, ki kai kibiya wurin da babu komai ki danna hagu sau ɗaya, zai tafi.

Na hau dutsen sau biyu da silifas, wayar Babanki a kashe. Direban tankar ruwa zai bi ta wajenku ranar Talata ko Laraba, na sa shi ya rantse.

Saura ɗaya. Yaya da dama take rubutu, don an matsa mata tun tana ƙarama. Amma almakashi, da allura, da tsefe mini kai, duk da hagu take yi in ba baƙo a ɗaki. Ni kaɗai nake zama ta ɓangaren damanta don kada gwiwar hannunta ta buge ni. Da ina kusa, da tun kina rarrafe na gane hannun. Laifin nisa ne, kuma nisan nawa ne.

Ki yafe wa Innarki. Ki karɓo littattafanki. Ina son in ji ko wanda ake jira ya sauko.

Innarki

*

Juma'a

Innata ta kaina,

Gaisuwa irin wadda ban taɓa yi miki ba. Ina fatan dutsen bai cinye silifas ɗin ba. Mu lafiya lau. Wayar Baba a tukunyar gam ta faɗa, tana kan taga tana bushewa har yau, Kaka ta ce yanzu ko an kira shi maganar mannewa za ta yi.

Mai tanka ya iso ranar Laraba bayan azahar, jarrabawa Alhamis da safe. A tsaye na karanta a ƙofar shago. Ban gama ba na ruga ɗaki na ɗauko linzamin katako na kai shi haske. Inna, ɓangaren dama ya yi sheƙi, har ɗan rami yatsana ya yi masa. Ɓangaren hagu kuwa sabo fil, kamar yau Baba ya goge shi. Na zauna a ƙasa ina dariya ina share ido. Kaka ta leƙo ta ce, "Shi ke nan, katakon ya taɓa mata kai." Ban taɓa tunanin in faɗa miki ni bahaguwa ce ba. A gidan nan wa ke faɗa? Kamar in rubuto miki cewa ina da hanci ne.

Na kwance zaren. Na danna hagu da yatsan tsakiya har magariba, sau nawa ban ƙirga ba.

Zauren jarrabawar babba ne, layi-layi, mutum ya fi ɗari, maza da mata, ga fanka tana juyawa ba ta kawo iska. Lambata ta faɗa kujerar ƙarshen layi, ta bakin hanya. Na zauna, na kai hannu zan jawo linzamin hagu kamar kullum. Ya ƙi zuwa. Sun ɗaure igiyar a ƙafar tebur ta dama da wata roba, ɗan taƙi ɗaya kawai take motsi.

Aka ce a fara. Agogo ya bayyana a kusurwar allo yana cin kansa. Na ce to, bari in gwada dama kamar kowa. Na danna "fara" da ƙyar, ya buɗe, karo na farko a rayuwata abu ya amsa mini. Amma kibiyar ta zama akuyar da ta tsinke igiya. In nufi amsa ta biyu, ta tsallake ta huɗu. In zan danna, hannun ya zame. Minti shida, tambaya biyu, ɗaya ma ba amsar da nake so ba ce ta yi baƙi. Na yi lissafi, a haka ko rabi ba zan kai ba. Na gwada miƙo hagu ta kan cikina, sai kafaɗata ta rufe mini allon.

Mai tsaron zauren wani dogo ne mai furfura, yana tafiya da hannu a baya, takalminsa yana ƙara. Ya wuce ni sau ɗaya, na bar shi. Ya wuce sau biyu, na bar shi. Na tuna teburin Malama da izinin fita. Na tuna rigunan kujeru, shekara guda. Sai na tuna kin ce kina zama ta ɓangaren daman Mama, wato ita ba ta sauya hannu ba, ke kika matsa.

Na ɗaga hannu. Na hagu.

Ya zo ya sunkuyo. "Mene ne?"

Na ce, "Ni bahaguwa ce." Ko ni ban ji ba.

"Ɗaga murya, 'yata, fanka ta fi ki."

"Ni bahaguwa ce. Linzamin ba ya zuwa hagu."

Layi uku suka waiwayo. Wani ya yi 'yar dariya. Kunnuwana suka yi zafi kamar an ɗora su a murhu, amma ban mutu ba, abin ya ba ni mamaki.

Ya ja igiyar, ya duba ƙarƙashin tebur, ya ce, "An hana mu kwance komai. Ki lallaba da dama."

Inna, ban san daga ina ta fito ba. Na ce, "To a bar ni in matsar da kujerata."

Ya dube ni, ya dubi hanya. Sai ya kama bayan kujerar da kansa ya ce in ɗaga, ya ja ta dama har rabinta ya fita hanya, ya karkato mini da allon. Linzamin bai motsa daga inda yake ba, amma ga shi a haguna. Ya ce, "Saura ki ce in amsa miki tambayoyin." Daga nan duk zagayen da zai yi sai ya raɓa ta bayana a karkace, yana riƙe da cikinsa.

Na ɗora tafi kamar na rufe ɗan tsako. Na kai kibiya. Na danna hagu da yatsan tsakiya, gajere. Ɗigon ya yi baƙi. Ban taɓa ganin baƙi mai kyau irinsa ba. Na koma na gyara ta farko, sannan na bi su ɗaya bayan ɗaya. A tambaya ta talatin da ɗaya manuniya ta tuna tsohon hali, akwatin ya faɗo. Na ce masa a raina, sannu da zuwa, ba kai nake jira ba. Na danna hagu a wurin da babu komai, ya cire hula ya tafi.

Na gama saura minti huɗu. In an danna "kammala" take maki ke fitowa. Arba'in ake nema. Hamsin da ɗaya, Inna.

Baba yana bakin ƙofa da garin katako a gira, ya rufe shago ya zo. Na faɗa masa, ya ce, "To, rigunan kujeru sun yi asara." Sai ya juya yana gyara sarƙar kekensa wadda ba abin da ya same ta.

Kin ce in yafe. Ni ma na rufe miki ƙofa mako uku, mun biya juna. Littafin kuwa na karɓo, na gama. Ya sauko a babi na ƙarshe, ashe tun farko ta ɗaya ƙofar tashar yake fitowa. Kada ki ce komai.

Akwai takarda ta biyu a cikin ambulan. Na gwada zanawa da dama, ya fito kamar ganyen da akuya ta fara ci, don haka na kai wa Baba. Ya ciro fensirinsa na aiki daga bayan kunne, na shimfiɗa hagu a kan bencinsa, ya bi yatsun a hankali kamar zai yanka katako mai tsada. Da ya zo ƙaramin yatsa ya tsaya. Na ce, "Baba, gaskiya ne Mama da hagu take riƙe almakashi?" Ya ce, "Da hagu. Har yanzu almakashin yana cikin akwatina. Ba wanda yake yi wa yanka a gidan nan. Ki gwada shi." Sannan ya ƙarasa layin.

Na gwada, Inna. Yana yanka.

Ki cire wancan daga gefen kalanda, ki manna wannan. Shi ne hannuna.

Ɗiyarki, ɗiyar Yayarki